Shanshani a Kafaɗar Balarabe

Akwai laifin da na fi ƙi a kan sata, wato mutum ya samu ɗan iko ya taka abin da wani ya sha wuya a kansa, alhali shi ko ƙaya ba ta taɓa sukarsa ba. Wannan shi ne laifin Hadi, kuma ya biya.

A shekarun da sojoji suka kama mulki, aka kafa lajna a kowace unguwa, ita ke faɗin wane ɗan unguwa ne, wane baƙo. A ɓangarenmu na Dar Salam, can bayan Omdurman, Hadi aka ba shugabancinta. Yana kuma da kamina a Aljirif, inda ake gasa jan bulo a bakin kogi. Cikin masu buga masa bulo akwai Balarabe, dattijo marar yawan magana, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jirgin ruwan dakon kaya daga Bur Sudan.

Wata rana zafi ya yi zafi, Balarabe ya tuɓe riga yana kwaɓa laka. Hadi ya zo duba aiki, ya tsaya cak. Daga kafaɗar mutumin har tsakiyar baya baƙin zane ne, layi bisa layi, ga wani abu mai ƙafafu birjik ya miƙe a tsakiya.

"Ya zol," in ji shi, wato kai mutumin nan a Larabcin Sudan, "mene ne wannan a jikinka?"

"Shanshani ne," in ji Balarabe, bai ko ɗago ba.

"Zanen arna! Da shi kake tsayawa sahu tare da mu?"

"Da shi. Har Makka ya je."

Masu aiki suka kwashe da dariya, abin ya tsaya wa Hadi a rai. A lokacin hukuma na shata filaye a Dar Salam. Wanda lajna ta shaida mazaunin unguwa ne, a bar masa gidansa, wanda ba ta shaida ba kuwa, a rushe nasa. Hadi ya aika wa Balarabe cewa ko ya bari a ƙone zanen nan da ƙarfe, ko ya nemi mai yi masa shaida a wani wuri.

Aka sa rana bayan la'asar, a rumfar shayin Inna Kande, ƙanwar mahaifin Hadi. Hadi ya so a yi a gaban jama'a don kowa ya ɗauki darasi. Idirisu wanzami ya zo da zabirarsa, ya tura ƙarfen lalas cikin garwashin Kande, fuskarsa a murtuke.

Balarabe ya tuɓe riga ya ninke, ya ce, "Kafin a ƙone, bari ku ji abin da za a ƙone."

"Ba tatsuniya muka zo ji ba," in ji Hadi.

"Kai, ɗan nan, rumfata ce," in ji Kande. "Faɗi, Malam Balarabe."

Ya ce a jirginsu akwai wani mutumin Samowa, wani tsibiri a ƙarshen teku, sunan mutumin Tabita, shi da ƙanensa. Wuta ta tashi a ɗakin inji, shi Balarabe da Tabita suka shiga ciro ƙanen, suka fito da gawa. Da jirgi ya kai ƙasarsu, Tabita ya ce zai kwanta a yi masa zanen da ya kamata a yi musu tare da ƙanen. Amma a can ba a kwanciya mutum ɗaya, sai da abokin da zai sha irin azabar a gefensa.

"Ya rasa aboki, na ce ga ni. Da matsefin ƙashi suke yi, a tsoma a baƙin hayaƙi, a ɗora a fata, a yi ta bugu da sanda. Ka suma, a yayyafa maka ruwa, a ci gaba. Wanda ya tashi ba a gama ba, da kunyarsa zai mutu. Waɗannan masu tsini haƙoran kifin nan ne mai cin mutane. Wannan igiyar ruwa ce. Shanshani kuwa, sun ce na wanda ya sha cizo ne bai gudu ba. In laifi ne, tsakanina da Ubangijina, na kuwa daɗe ina gaya masa."

"Halas, ya isa, mun ji," in ji Hadi. "Idirisu, ƙarfe ya yi ja."

Balarabe ya kwanta rub da ciki a tabarma, ya matsa gefe, ya bubbuga wurin da ya rage.

"Bismilla, shugaban lajna. Da aboki aka saka shi, da aboki za a cire. Tuɓe ka kwanta. Inda ya ɗora mini, ya ɗora maka."

Idirisu ya zaro ƙarfen, ya tofa masa yawu, ya yi cuu.

"Ranka ya daɗe, da wa zan fara?"

"Ni ba ni da zanen da za a ƙone!"

"Ai fata kana da ita," in ji Kande. "Ko ita ma ta lajna ce? Ka dubi kumatuna. Tsagar gidanku ce wannan, ubanka ma da ita aka binne shi. In ka gama da shi sai ka zo kaina."

Hadi ya dubi ƙarfen, ya dubi jama'a, ya ce yana da taro a Bahri. Har ya kai bakin titi Balarabe na kwance yana kira, "Tabarma na nan, ya zol!"

Hadi bai yi shaidar ba. Motar rusau ta zo ta kwantar da ɗakunan Balarabe, yana tsaye yana kallo, riga a kafaɗa, zane a waje. Ya kwashe ƙyaurensa da tukwanensa ya koma zauren Idirisu, daga baya maƙwabta suka yanka masa gefen filinsu.

Ga abin da Hadi ya samu. Masu buga bulo suka watse suka bar masa kamina da wuta rabi, bulon ya fito ɗanye, ruwan kogi ya taso ya narkar da sauran. Da hukuma ta ga ba mai amsa kiransa a unguwa, ta ba wani kujerar. Gwaggonsa Kande ta daina amsa gaisuwarsa, ta hana a zuba masa shayi ko da kuɗinsa. Da matarsa ta haihu kuwa, ya bi wanzaman Hausawa tun daga Dar Salam har Aljirif, ba wanda ya yarda ya zo askin suna. Da rezar kanti ya aske kan ɗansa da hannunsa, a tsakar gidan da ba kowa.