Goshin Jikan Inna Tasalla

Kwana uku ke nan Malam Halliru yana kallon goshin jariri. Ƙaninsa Daudu, da ke karatu a Sudan, ya samu ɗa namiji, ya aiko da hoto ta intanet. To hoton nan daga sama yake saukowa, layi-layi, kamar ana saƙar tabarma. Hula ta fito, goshi ya fito, da an doshi gira sai layin wayar da kwamfuta ke shiga intanet da shi ya katse.

Halliru kuwa ya riga ya cika baki. Da kansa ya je Gwiwa ya ɗauko mahaifiyarsu, Inna Tasalla, wai ta zo Kazaure ta ga jikanta a kwamfuta. Yau kuma ta ce da an yi la'asar za ta koma, ruwa ya sauka, irin gyaɗarta na jiran ta.

Halliru ma'aikacin sakatariya ne, kuma bai taɓa rasa bayani a kan komai ba. Ranar farko ya ɗora laifin a kan duwatsun Kazaure. Washegari ya ce hadari ne. Ya sauya igiyar waya, ya hure bayan kwamfuta, ya juya mata fanka ko zafi ne ke damun ta. Sai yau ya sauke girman kai ya kira Barnabas mai gyara.

Barnabas ya zauna. Kwamfuta ta buga lamba, ta yi kukanta, ta kama. Hula, goshi, shi ke nan.

"Malam, waya nawa ce a kan layin nan?"

"Biyu. Na sa wa Inna ɗaya a ɗakinta saboda Daudu. Amma Inna ba ruwanta da waya."

"Sake bugawa, mu je ƙofarta mu tsaya."

Suka tsaya. Can sai ga muryar tsohuwa, a natse, tana barin fili tsakanin kowace gaisuwa don a amsa.

"Salamu alaikum. Daudu? Kun wuni lafiya? Ya mai jego? Ya baƙunta? To madalla."

Halliru ya yi sallama ya shiga, ya durƙusa. "Inna, da wa kike magana?"

"Da ƙaninka mana. Duk sanda wayar nan ta yi ƙyas, na san shi ne. Nisa ne ya hana murya fita, sai ƙara kamar gyare. Amma ai mutum ba ya kira daga wata ƙasa a ƙi gaishe shi."

Ashe duk lokacin da kwamfuta ta buga lamba, wayar ɗakin takan ɗan motsa. Kafin Inna ta lallaɓa gwiwoyinta ta tashi daga tabarma, ta gyara ɗankwali, ta kai hannu, daidai goshi ke nan. Da ta ɗaga wayar kuwa, sai layin kwamfuta ya katse.

Barnabas ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Halliru ma dariyar ta taso masa, sai tausayi ya danne ta. Kwana uku tsohuwar nan tana gaishe da ɗanta, ba kowa a layin, ba ta kuma taɓa kai ƙorafi ba. Ya kasa gaya mata.

"Inna, yau a falo Daudu zai same ki. Amma sai kin zauna kusa da ni."

Ta zauna, hannuwa a cinya. Hula ta fito, goshi ya fito. Halliru ya zuba ido. Gira ta wuce, sai idanu, sai hanci, har ɗan haɓa. Daga masallacin unguwa aka soma kiran la'asar.

Inna ta matso da kujera kusa da kwamfuta. Ta kai bakin mayafi ta share ido.

"Wannan ne mijin nawa? Ko sannu bai iya ba, ga hancin mahaifinku ya kwaso duka." Ta ƙara matso da kujera. "Kai, kada ka kashe. Gyaɗar ta jira gobe."