Akun da Yaya Ta Bari

Mai gyaran agogo mutum ne mai ji da hannunsa. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar kusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba da ɗan hantsaki, kuma a faɗarsa bai taɓa yar da ko ɗaya ba. To sai ga aku guda ɗaya ya zo ya sauke masa girman kai a cikin shagonsa.

Akun na yayarsa ne. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har furfura ta cika masa kai ba ta daina ce masa Auta ba. Shekara bakwai da suka wuce ɓarin jikinta na dama ya shanye, ta zauna a ɗaki ɗaya can ƙarshen gari, daga ita sai tsuntsun, wanda take kira Maigida don tsokana. Mota biyu ce kacal tsakaninta da ƙanenta. Amma shi kullum aiki ya yi yawa, kullum sai mako mai zuwa. In ma ya je, a bakin ƙofa yake tsugunawa ya gaishe ta, ya saci kallon agogon hannunsa, ya miƙe. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Tafi abinka, Auta, kar lokacin mutane ya tsaya saboda ni."

Da ciwon ya sake bugunta aka kwantar da ita a asibiti, maƙwabciyarta ta kawo masa kejin a lulluɓe da zani.

"Kafin bakinta ya rufe ta ce a kawo maka shi," in ji matar. "Ta ce ba ya cin abincin kirki sai daga hannu. In bai yarda da kai ba, haka zai zauna ya lalace."

"Hannu dai?" ya ce, yana juya yatsunsa. "Ai wannan mai sauƙi ne."

Da ya sani da bai cika baki ba. Ranar farko ya buɗe ƙofar kejin ya miƙa gyaɗa, tsuntsun ya maƙale a kusurwa, ya tayar da gashi, yana wani gurnani mai ban tausayi. Kashegari haka. Ya ce ko ƙarar agogo ce ke firgita shi, ya bi na bango guda tara duk ya tsayar da su, har masu shigowa suka fara tambaya ko ya daina sana'ar ne. Ya cire tabarau. Ya gwada fito, ya gwada lallashi, babban mutum da shi yana "haba Maigida, haba ranka ya daɗe" a gaban keji. A banza. Sai in ya juya baya ne akun ke ɗan tsintar hatsi a kwano, abin da bai taka kara ya karya ba, sauran yinin kuma yana tsige gashin ƙirjinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kwana na tara ya je asibiti, kuma wannan karon ya zauna. Yaya ta rame, bakinta ya karkace, idanun ne kawai suka rage nata.

"Yaya, Maigida yana gaishe ki," ya ce. "Yana nan lafiya ƙalau."

Ta kafe shi da ido, irin kallon da take yi masa tun yana ƙarami in ya shirga ƙarya. Ya sunkuyar da kai.

"Bai yarda da ni ba tukuna. Na yi iya yina."

Ya miƙa hannunsa na dama don ya riƙe nata. Ta ture shi. Ya ɗauka kuskure ne, ya sake miƙawa, ta sake turewa da ɗan ƙarfin da ya rage mata, tana laluben iska a gabansa, wani sauti na fita daga maƙogwaronta wanda bai zama magana ba. Sau uku. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a bar ta ta huta.

Ya tashi ya fito. Bai ga laifinta ba. Shekara bakwai yana gaishe ta daga bakin ƙofa, yau kuma ya zo neman hannu? Da gaskiyarta. Ya yi niyyar komawa ya roƙe ta gafara da bakinsa, amma kunya ta riƙe shi yini biyu, a safiya ta uku kuma aka kira shi aka ce ta cika.

Bayan an watse daga zaman makoki ya buɗe shago. Ƙirjin akun ya zama fata zalla. Kowace safiya ya miƙa gyaɗa, kowace safiya tsuntsun ya guje masa, shi kuma ya ji kamar Yaya ce ke sake ture shi. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci sosai. Abu guda ta roƙe shi a duniya, ga shi yana mutuwa a gaban idonsa.

Wata rana da hantsi yana ɓalle murfin wani tsohon agogo, hankalinsa na wani wuri, 'yar wuƙar aikinsa ta zame a cikin hannunsa ta tsaga masa tafin dama. Ya naɗe shi da bandeji, aiki ya gagara. Ya jawo kujera kusa da kejin, wanda ƙofarsa ke buɗe, ya zauna kawai don ba shi da wurin zuwa. Ya ɗebi gyaɗa da hagu, ya ɗora hannun a kan tebur, ya manta da shi. Bai yi nufin bayarwa ba. Shi da bai taɓa miƙa wa kowa komai da hagu ba, tun ranar da Yaya ta make masa hannu a kan haka yana ɗan shekara biyar.

Sai ya ji motsi. Akun ya sauko daga sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya karkata kai yana kallon hannun. Ya tako kan tebur, taku ɗaya, ya ja baya, ya sake takowa. Sannan ya ɗora ƙafa a kan yatsansa. Ƙafar da ɗumi, abin da mai gyaran agogo bai taɓa zata ba. Ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya fasa, ya ɗauki ta biyu.

A nan ne abin ya faɗo masa. Shekara bakwai hannu ɗaya tak tsuntsun nan ya sani, don shi kaɗai ke motsi a jikin Yaya. Kuma a asibiti ba korarsa take yi ba. Damansa take kawarwa, tana laluben hagunsa, tana nuna masa yadda zai yi. Har a gadon mutuwa koya masa take yi, shi kuma ya tashi ya fita. Da sau ɗaya ya taɓa zama a ɗakinta na minti goma, da ya gani da idonsa.

"Yaya, na gane," ya ce a hankali, don kar ya firgita tsuntsun.

Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu. Dama na cikin bandeji, hagu kuma Maigida na tsaye a kai yana ci, don haka bai share ba. Wani ya ƙwanƙwasa gilashin shago yana ɗaga agogonsa, ya gaji ya tafi. Shi dai yana zaune, bai motsa hannun ba har gyaɗar ta ƙare.