Jar Beguwar Maame Pokuaa

Ƙanena Oduro ne ya saka mahaifiyarmu, Maame Pokuaa, a zauren wasan kati na waya, kuma ba don Allah ya yi ba. Dokar zauren ita ce mutum ɗaya, suna ɗaya. Na'urar zauren takan watso katuna masu hoton dabbobi, wanda ya riga dannawa ya ɗauka, sannan a yi ta musaya. Oduro ya ga hannu biyu sun fi ɗaya, sai ya buɗe wa Maame Pokuaa suna a wayarta don ta zame masa rumbu.

Ya manta cewa matar da ta tsufa tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Kejetia ba ta yi wa kowa gadin kaya a banza. Kafin mu ankara ta iya wasan. Ba ta rubutu, saƙon murya take aikawa, ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Samarin zauren suka shiga uku, don ko an daidaita musaya ba ta danna amincewa.

"Ɗana, ina gyara? Haka aka koya maka ciniki a gidanku?"

"Maame, a wasan nan ba a gyara."

"To wasan ba shi da tarbiyya. Ƙaro akuya."

Haka za su ƙaro, suna gunaguni.

Duk wanda ya fara haɗa namun daji cif, shi ne shugaban zaure har zagaye na gaba, kuma shugaba yana iya canza wa kowa suna. Twumasi, abokin hamayyar Oduro tun suna makaranta, shi ya ci zagayen baya, ya laƙaba wa ƙanena Sarkin Barci. Sunan ya fita daga waya ya shiga unguwa, har mai kokon bakin layinmu da shi take kiransa. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ni kuwa ban ga inda aka yi masa ƙarya ba. A wannan zagayen su biyun kati ɗaya ya rage musu, Jar Beguwa, kuma guda ɗaya ce tak.

Ran Juma'a da la'asar ta faɗo, Maame ta cafke. Oduro ya shigo gida yana rawa, ya same ta tana daka fufu.

"Maame, turo min."

"In turo maka me?"

"Beguwata mana."

"Taka? A wayar wa ta sauka?" Ta juya taɓarya. "Na rufe kasuwa yau. Mai so ya zo gobe."

Ya shiga zaure ya cika baki, har ya faɗi sunan da zai sa wa Twumasi. Na ce masa ya daure ya tashi da wuri.

"Yaya Afriyie, kaya suna ɗakin uwata, wa zan yi tsere da shi?"

Duk wanda ya tashi a gindin tiren masu kasuwar Kejetia ya san ba a mayar da mai cinikin farko. Ko tayin wulaƙanci ya yi, sai a sallama masa, in ba haka ba kasuwar ranar ta mutu. Oduro ya san wannan sarai, sai dai bai taɓa zaton dokar kifi za ta hau kan katin waya ba. Twumasi kuwa kakarsa tumatir take sayarwa a can, shi ma ya san dokar. Gari na wayewa, Maame tana ɗaura zane, saƙonsa ya shigo. Ina wurin na ji. Ya gaishe ta, ya tambayi kwananta, ya tambayi gwiwar da ke damunta, sannan a ladabce ya taya Beguwa da awaki biyu da kunkuru.

Maame ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Oduro. Minshari kawai ke fitowa. Ta yi tsaki, ta ce Twumasi ya ƙaro gyara, ta danna.

Rana ta take sannan ƙanena ya farka, ya tarar zaure ana ta taya Twumasi murna. Ko wanka bai yi ba ya hau mota sai kasuwa, na bi shi don kada a ba ni labari.

"Maame, awaki biyu da kunkuru? Ni da zan ba ki zaki da giwa?"

"Da zomo. Ya yi gyara." Tana ƙulla wa wata kifi, ba ta ɗago ba. "Shi ya fara zuwa."

"Amma ni ɗanki ne."

"Shi ya sa na jira har na kusa makara. Bango ɗaya ne tsakanina da kai, Oduro. Da ka leƙo ka ce min ina kwana, da kai ne mai cinikin farko, ko da ƙadangare ka taya. Ɗan wani ne daga unguwar Bantama ya tambayi gwiwata."

Maƙwabtanta masu kifi suka yi ta dariya. Oduro bai yi ba, ya tsaya yana kallon ƙafarta da ta miƙe a kan kwando, daure da tsumma. Ya tambaye ta tun yaushe take ɗaure ta. Ta ce tun kafin bikin Ista.

Washegari da sassafe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofarta, murya duk barci.

"Maame, ina kwana? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, Sarkin Barci. Kaya sun ƙare, sai kunkuru. Ɗauko min kwandon nan, mu tafi."