Lahadin da Aka Cire Dariel

"Mama, in Kaka Verna ta mutu, wa zai gaji Dariel?"

Hattie ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara biyar, kuma a gaban Vernar ta yi ta. Ina tsaye da kwanon romon kaza a hannu ɗaya, ƙaninta Owen saɓe a kafaɗata, na rasa inda zan sa kaina.

"Ke! Wa ya koya miki wannan magana?"

"Ai na ji kin ce wa Baba a waya ɗanta Gordon ne zai gaji gidan. To Dariel fa? Shi ma a cikin gidan yake."

Verna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Tana kwance a gadon asibitin da aka kawo mata falo, aka ajiye shi jikin taga domin ta riƙa ganin titi. Da tarin ya lafa ta ɗaga min hannu.

"Ƙyale ta, Corinne. Duk cikinku ita kaɗai ta yi tambayar da ta dace. Likita bai yi ba, fasto bai yi ba, ɗan da na haifa ma bai yi ba."

Verna Hoekstra maƙwabciyata ce, shingen katako kawai ya raba mu. Tun kafin a haife ni take saukar 'yan besbol, wasan nan na jifan ƙwallo da bugunsa da sanda, a ɗakin ƙasan gidanta. Ƙungiyar garinmu ita ce matakin farko, inda babbar ƙungiyar birni take renon yaranta, abin da ake biyansu kuwa bai isa hayar ɗaki ba, don haka duk Afrilu gidaje kan raba su. Na bana shi ne Dariel, mai jifa, ɗan shekara goma sha tara daga Jamhuriyar Dominika, dogo kamar falwaya, sai ya sunkuya yake shiga kicin ɗinta.

Ni ma, in za a faɗi gaskiya, renon Verna ce. Mijina Russ direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Ranar da naƙudar Owen ta kama ni ƙanƙara ta rufe titi, Russ yana can wata jiha. Verna ce ta fito da tsohuwar motarta, tana tuƙi tana zagin gwamna, ta kai ni asibiti, ta koma ta riƙe min Hattie. Ita ta koya min yadda ake sauke zazzaɓin jariri ba tare da na kira kowa ina kuka ba. Duk da haka, da ta roƙe ni in ɗauki Dariel idan ta tafi, ban amsa ba.

"Verna, ina da ƙananan yara, mijina ba ya nan. Ƙaton namijin da ban san asalinsa ba zan kai ɗakin ƙasa?"

"Asalinsa? Uwarsa tana sayar da soyayyar ayaba a bakin titi, ubansa ya rasu, yana tsoron tsawa, ba ya cin albasa. Me kuma kike son sani?"

"Ni dai sai na yi tunani."

"Yi tunaninki. Ƙila ma ba sai kin gama ba. In wasan Lahadi bai yi masa kyau ba, jirgi zai hau ya koma ƙasarsu."

Abin da ya faru shi ne, a makon nan babbar ƙungiya ta sayo wani shahararren mai jifa da kwantiraginsa ya ƙare a wani wuri, da kuɗin da jaridu suka kwana uku suna lissafi. Russ ya kira ni daga hanya yana murna, wai bana sai kofi. Verna kuwa ta sa na juya mata jaridar ta baya.

"Tsoho mai ciwon gwiwar hannu," ta ce. "In ka ɗora ƙato a saman tsani, kowa sai ya sauko mataki ɗaya. Wanda ke ƙasa ina zai sauka? Ka shuka tumatir, ka yi ta ban ruwa, ya kusa nuna, sai ka tuge shi ka tafi kanti ka sayo na gwangwani. Haka suke yi tun ina da haƙorana."

Na ƙasan tsanin shi ne Dariel. Wasanninsa na baya ba su yi kyau ba, kuma an faɗa masa cewa ranar Litinin za a sallami mai jifa ɗaya. Shi zai fara jifa ranar Lahadi da rana.

Da safiyar Lahadin na shiga da kwanon kunun hatsi, na tarar da shi durƙushe a gefen gadon, yana shafa mata mai a ƙafa. Ƙafafun sun kumbura, shi kuma yana bi a hankali da waɗannan manyan yatsun nasa kamar mai taɓa ƙwai. Jakarsa ta wasa tana jingine a bakin ƙofa, bai ko ɗaure ta ba.

"Corinne, zo ki ji shashanci," in ji Verna. "Wai ba zai je ba."

"Mama Verna ba ta ci komai ba," Dariel ya ce da ni. Turancinsa a gutsure yake, amma ana ganewa. "Numfashi ba kyau. Ni zan zauna. Wasa akwai gobe."

"Gobe akwai jirgi, sakarai. Kai likita ne?"

"A'a."

"Fasto ne?"

"A'a, Mama."

"To me zamanka zai ƙara min, ban da ka cinye min abin da ke cikin firij? Tashi ka ba ni wuri. Kuma ka ji, kada ka riƙa waiwayen bencin da koci ke zaune bayan kowane jifa kamar ɗan akuyar da aka raba da uwarsa. Ka dubi safar hannun mai cafe maka ƙwallo, shi ke nan."

Ya miƙe, ya sumbaci goshinta, ya ɗauki jakar. A bakin ƙofa ya tsaya ya dube ni.

"Madam Corinne, maganin ciwo ƙarfe uku. Yana kan firij. Ba ta so, amma ki ba ta."

Na ce to. Wannan ne karon farko da na kalle shi da kyau.

Filin wasan bai da nisa da layinmu. Na buɗe mata taga, na kunna rediyon da ke kan durowa, na ja kujera na zauna kusa da gadon, Owen a cinyata. Hattie ta kwanta a ƙasa tana zane. In 'yan kallo suka yi ihu, sai mu fara jinsa ta taga kafin ya fito ta rediyo.

Zagaye na farko Dariel ya fitar da masu bugu uku a jere. Na biyu ma haka. A na uku ya kuskure har aka bar mai bugu ɗaya ya taka zuwa zangon farko kyauta, ba tare da ya buga ba, Verna ta yi tsaki ta ce, "Ya waiwayi benci, na sani." Amma wanda ya biyo bai taɓuka komai ba. Ni ba gwanar wasan ba ce, sai dai na zauna da Russ isasshen lokaci. Wajen zagaye na huɗu na lura da abin da ke faruwa.

"Verna, kin san fa har yanzu babu wanda ya..."

Ta damƙe min hannu. Ban san da sauran ƙarfi irin wannan a jikinta ba.

"Rufe min baki."

"Ni dai cewa zan yi..."

"Na san abin da za ki ce. Duk garin nan ya sani, kin ji wani ya faɗa? Saurari mai rediyon, tun ɗazu yake kewaye-kewaye yana zancen gajimare. A benci ma yanzu babu mai zama kusa da yaron, babu mai yi masa magana. In mai jifa ya hana kowa bugu mai kyau, ba a ambata, ba a kuma sauya wurin zama sai an gama. Yadda kike zaune ɗin nan haka za ki zauna."

"Ni ma?" in ji Hattie.

"Har ke. Kada ki ko juya."

Hattie ta manne da ƙasa, fensir a hannu, idanu waje.

Ni mace ce mai bin ƙa'ida. Ba na wasa da lokacin magani, ba na yarda da camfi, yarana ba su taɓa tsallake allurar rigakafi ba. Da agogon bango ya nuna uku, na ga goshin Verna ya jiƙe da gumi, leɓɓanta sun yi fari, tana cije su duk lokacin da ta ja numfashi. Na yunƙura.

"Ina za ki?"

"Maganinki. Taku kaɗan ne zuwa kicin."

"Zauna."

"Verna, kina shan wahala, ina gani."

"Wahalar tawa ce ko taki? Na haifi Gordon da kansa kamar kabewa, ban mutu ba. Corinne, ban taɓa roƙonki abu biyu a mako ɗaya ba. Na farkon kin ce sai kin yi tunani. Wannan kada ki yi tunani."

Na koma na zauna. Ƙafata ta yi sanyi ƙarƙashin nauyin Owen, hannuna yana cikin nata, duk ciwon da ya taso mata sai in ji shi a yatsuna. Zagaye na biyar ya wuce. A na shida wani ya maka ƙwallon sama, muka ji filin ya yi tsit ta taga, sai kuma ihu ya ɓarke: an cafe shi a jikin katanga kafin ya taɓa ƙasa, bugun ya tashi a banza. Hattie ta ce a hankali, "Mama, fitsari." Na ce ta riƙe. Ni da bakina.

Da za a shiga na bakwai, mai rediyo ya ce kocin ya fito, ya karɓi ƙwallo daga hannun Dariel, ya kira wani. Sai muka ji garin gaba ɗaya yana yi wa kocin ihun ƙi. Raina ya ɓaci, har hawaye suka zo min.

"Wane irin zalunci ne wannan? Yaro yana cikin ranar da ta fi kowace a rayuwarsa, su cire shi? Dama sun gama yanke hukuncinsu!"

Na juya na ga Verna tana murmushi, idanunta a rufe.

"Wawiya," ta ce. "Wanda za a yar, barinsa ake yi ya yi ta jifa har hannun ya tsinke, wa ya damu? Wanda ake so, shi ake lallaɓawa. Sun ƙirga jifansa, sun ce ya isa. Suna tattalin hannun, Corinne. Nasu ne." Ta saki yatsuna. "Hattie, ruga bayi. Ke kuma tashi ki kawo min maganin nan kafin in mutu a banza."

Da yamma Dariel ya dawo, kafaɗarsa ɗaure da ƙanƙara, fuska a murtuke.

"Saura uku, Mama. Zagaye uku kawai. Na roƙe shi, ya ƙi."

"Me ya ce maka?"

"Wai in huta. Wai Juma'a ni zan fara."

"To uban me kake ɓata wa rai? Mutumin da za a kora ake ba Juma'a? Zo nan."

Ya durƙusa, ta ɗora hannu a kansa, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ranar ta sha romo cokali kaɗan, ta ce gishiri ya yi yawa.

Litinin ta zo ta wuce, ba a kira sunansa ba. Ranar Talata da safe ina shanya kayan Owen a bayan gida, sai na ga Dariel ya tsallako shingen ba takalmi. Ya tsaya kawai riƙe da kofin shayin da ya haɗa mata, yana ta tururi. Na ajiye kwandon na bi shi.

Tana kwance fuskarta wajen taga, bargon a gyare har ƙirji. Ya ce ya shiga kicin ne ya fito, ya tarar ta cika. Na rufe mata ido, na kira ma'aikaciyar jinya, na kira Gordon. Da na gama na tarar da shi zaune a matakalar waje, ya haɗa kai da gwiwa, kofin a gefensa. Na zauna kusa da shi har motar ɗaukar gawa ta iso.

"Dariel, in an gama, ka kwaso kayanka. Ɗakin ƙasan namu akwai injin wanki a ciki, yana da ƙara, sai ka yi haƙuri. Ba a shigo min da takalmi. Ba a ba Hattie alewa kafin abinci, ko ta ce na yarda."

Ya ɗago ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Ya zauna da mu har ƙarshen bazara. Watan Satumba aka ɗaga shi mataki na gaba, wani gari mai nisa. Ranar da zai tafi Hattie ta shige ƙarƙashin teburin cin abinci ta ƙi fitowa, shi kuma ya kwanta a ƙasa da dogayen ƙafafunsa har cikin kicin, yana yi mata magana a hankali, motar da za ta kai shi tana jira a waje.

Don haka in an ƙwanƙwasa muku ƙofa a watan Afrilu ana neman ɗaki wa wani yaro, ku sani tun wuri: zai cinye muku ƙwai, zai cika muku gida, yaranku za su saba da shi, kuma in komai ya tafi daidai, tafiya zai yi. Kada ku karɓe shi sai kun shirya wa wannan.