Ranar Kwali

Hutun makaranta ya zo daidai da lokacin da aka kwantar da matarsa a asibiti. Ciwon huhu ne, irin wanda ake keɓe mai shi, kuma likita ya faɗa ƙarara cewa ba a shiga da yara. Shi kansa sai ya rufe hanci da baki, ya tsaya nesa da gado, ya ajiye kular abinci ya juya. Gida ya rage daga shi sai 'yarsu tilo, wadda ake kira Tsigi saboda ƙanƙantarta da surutunta. Shekararta huɗu.

A shagon takalma yake aiki. Ba shi ke da shagon ba, amma kowa a layinsu Mai Takalmi yake ce masa. Ya iya duban ƙafar mutum sau ɗaya ya faɗi lambarta, ya iya lallashin mai ciniki har ya sayi abin da bai yi niyya ba. Abin da bai iya ba shi ne wuni da yarinya.

A hawa na biyu suke haya, ciki da falo. Maƙwabta duk sun kwashi yaransu sun tafi hutu wurin dangi, sai ƙofofi a garƙame. Matakalar da a da ba ka iya hawa sai ka tsallake ƙwallo da silifas ta yi tsit, har yana jin ƙarar makullinsa a aljihu. Danginsa suna nesa, ƙanwar matarsa kuma tana fama da jariri. Ba shi da inda zai kai Tsigi.

Ya fara tafiya da ita shago. Kafin azahar ta zura ƙafafunta cikin ƙaton takalmin maza tana yawo da shi ƙwas-ƙwas, ta kuma haɗa wa takalma aure yadda ta ga dama: baƙi da ja, dama da dama. Maigidan shagon, dattijo mai sanƙo da sauƙin kai, ya yi dariya har da tari.

“Wannan in ta yi sati a nan, sai mu koma sayar wa masu ƙafar hagu biyu,” in ji shi. “Ka riƙa zuwa da safe, da rana ku tafi gida. Ga kwalaye can jibge a sito, ɗebar mata ta yi wasa.”

Haka suka riƙa komawa gida da rana tsaka, shi da tulin kwalaye a ka, ita da murfi ɗaya a nata kan tana kwaikwayonsa.

Sai dai kwali ba ya wasa da kansa. Tsigi ta zauna a tsakar falo ta zuba masa ido.

“Mama tana yi min jirgi.”

“To, bari mu yi jirgi.”

Ya yanka, ya lanƙwasa, ya ɗaure da igiyar takalmi. Ta duba ta juya shi.

“Baba, wannan ai kwali ne.”

Da yamma ya kira matarsa. Muryarta ta dusashe, tana magana tana tsayawa ta ja numfashi, amma da ta ji labarin jirgin sai da ta yi dariya.

“Kai dai a bar ka da ƙafafun mutane. Saurara. Ka dama fulawa da ruwa, ka ɗora a wuta kaɗan kana juyawa, shi ne gam ɗinmu. In kuma ka kwaɓa fulawa da gishiri ya yi tauri, za ta mulmula abin da take so, ku shanya a taga. Almakashinta mai jan hannu yana cikin gwangwanin madara a saman firij. Kada ka ba ta naka.”

“Sai me kuma?”

“Sai ka zauna a ƙasa. Ba a yi wa yaro wasa daga kan kujera.”

Gam na farko ya ƙone a tukunya. Na biyu ya yi gudaji. Na uku ya kama, har ya manne masa yatsu. Ya zauna a ƙasa kamar yadda aka ce, gwiwoyinsa suna ƙara, suka yi mota da murafen kwalba a madadin tayoyi. Suka yi kifi da tsohuwar jarida. Suka ɗinka maɓallai biyu a kan safarsa da ta huje, ta zama wani tsoho mai masifa wanda ba ya magana sai da muryar Baba, kuma kullum ƙorafinsa a wanke shi. Tsigi ta mulmula mutane uku da ƙullun gishiri ta jera a taga. Da suka bushe kan ɗaya ya faɗi, ta ce ba komai, wannan shi ne Baba.

Yana jin daɗin sa'o'in nan fiye da yadda ya zata. Amma da zarar barcin rana ya ɗauke ta a kan tabarma, da busasshen gam a kumatu, sai gidan ya yi masa faɗi. Ya kan tsaya a kicin da soso a hannu ya rasa abin da ya zo yi. Mayafin matarsa na nan rataye a bayan ƙofa, bai taɓa shi ba. Wani lokaci ya kan so ya ce, “Zo ki ga abin da 'yarki ta yi,” sai ya haɗiye.

Wata rana a waya Tsigi ta tambayi uwarta ko ɗakinta da kyau.

“Da kyau, sai dai rana ba ta shigowa. Kullum inuwa.”

Tsigi ta ajiye wayar ba ko sallama. “Baba, mu yi wa Mama rana.”

Ba ƙaramin aiki ba ne. Ya buɗe manyan kwalaye ya manne su, ya kifa bahon wanki a kai ya zagaye da biro, ya yanke. Suka lulluɓe shi da takardar nan ruwan ɗorawa da ake naɗe sababbin takalma da ita. Hasken ranar kuma Tsigi ta ce da hannaye za a yi. Ta ɗora tafinta a kan kwali yana zanawa, tana ƙyalƙyala dariya saboda biro na yi mata cakulkuli tsakanin yatsu. Sannan ta zana nasa, ya fito da yatsu shida. Suka yanke su da yawa suka jera a gefe, babba, ƙarami, babba, ƙarami. Ta yi wa ranar idanu da baki a karkace. Ya cire sandar mofar goge ɗaki ya ɗaure a baya.

Suka yi shawara da matarsa. Tagarta a hawa na uku take, kusa da bututun ruwa, tana kallon filin ajiye motoci. In suka tsaya a can za ta leƙo.

Ranar da ba ya zuwa shago suka shirya. Ya yi wa Tsigi ƙulli biyu a kai, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da ƙyar ranar ta shiga bas, sai da ya karkata ta. Wani fasinja ya dube su ya ce, “Malam, wadda ke sama ba ta ishe mu ba, sai ka ƙaro wata?” Mota ta ɗauki dariya. Tsigi ta haɗe rai ta ce, “Ta Mama ce.” Mutumin ya kama bakinsa, ya matsa ya ba su wuri.

A filin motoci ya nemo bututun ruwa, ya ƙirga hawa, ya kira wayarta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Tsigi ta riga ta kama sandar da hannu biyu tana ihu, “Mama! Mama!”

Sai labule ya motsa. Wata mace ta bayyana a bayan gilashi, kanta ɗaure, hanci da baki a rufe. Ta tsaya tana kallonsu. Can ta ɗaga hannu a hankali ta kaɗa.

Tsigi ta yi tsalle har ranar ta kusa suɓucewa. “Ga ta! Baba, ga ta!”

Shi kuwa ya ƙura wa matar ido. Matarsa doguwa ce, kuma in za ta ɗaga hannu, duka biyun take ɗagawa kamar mai tsayar da mota. Wannan gajeriya ce, kafaɗunta a ranƙwafe, hannunta siriri. Tsohuwa ce.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya juya baya ya ɗauka.

“Yi haƙuri,” in ji matarsa, tana haki. “Da safe aka sauya min ɗaki, aka kai ni hoto, yanzu na dawo. Tagar nan bango kawai take kallo. Kun zo?”

“Mun zo. Akwai wata a tsohuwar tagarki, tana ɗaga mana hannu. Tsigi ta ɗauka…”

Bai ƙarasa ba yarinyar ta fizge wayar. “Mama, kin gani? Kin ga hannuna? Ƙananan nawa ne!”

Ya durƙusa ya kara kunnensa kusa da nata. Ya ji matarsa ta ja hanci, sannan ta ce, “Ƙara ɗaga ta sama, Tsigi. Sama sosai.”

Ya ɗauki yarinyar ya ɗora a wuyansa, ya miƙa mata sandar yana tallafe da ƙarshenta. Tsohuwar ta manna tafinta a gilashi. Tsigi ba ta lura cewa babu waya a hannun matar ba. Suka tsaya haka har wuyansa ya ƙage, har maigadi ya zo ya ce, cikin ladabi, mota za ta fita.

A hanyar gida Tsigi ta yi ta zuba kamar kanya.

Washegari matarsa ta ba shi labarin da ta ji wurin nas. Tsohuwar ta daɗe a asibitin. Wanda ya kawo ta bai ƙara waiwayarta ba. Tun da ta ga mutum da yarinya da rana a sanda take tambayar kowa ko jikarta ce aka kawo.

“Me nas ta ce mata?”

“Ta ce ba ta sani ba.” Ta yi tari. “Za ku dawo?”

“Ƙarya fa muke yi wa yarinyar nan.”

“Na sani. In na fito ni zan gaya mata. Amma ku dawo.”

Suka koma. Sati na gaba kifi suka kai, an ɗaure shi a sanda yana lilo. Na gaba da shi kuma tsohon safa ne ya je gaisuwa, Baba ya ɗaga hannu sama yana buɗe masa baki. Da sun iso sai ya kira matarsa, ita tana kwance tana kallon bango tana yaba abin da ba ta gani, tsohuwar kuma tana tsaye a taga tana ganin abin da ba ta ji. A zuwan da ya biyo baya tsohuwar ba ta iya tsayuwa ba, kujera aka jawo mata, kanta kawai suke hange. Ya sami kansa yana ɗaga mata hannu shi ma, ba don Tsigi ba.

Ana saura kaɗan a koma makaranta suka zo da jirgin ƙasa na kwalaye a jere. Labule a buɗe, taga a wangale, an jingina katifa a jikinta tana shan iska. Suka jira. Ba wanda ya leƙo. Bai kira waya ba.

“Mama ta yi barci ne?”

“Wataƙila.”

“Amma ai ta san za mu zo.”

Ta jefar da igiyar jirgin, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka tafi da uwarta. Ya zauna kusa da ita a kan kwalta mai zafi. Bai ce ta yi shiru ba. Da yamma matarsa ta tabbatar masa da abin da ya riga ya sani: tsohuwar ta rasu. Ya ce Allah ya jiƙanta, sannan ya shiga kicin ya daɗe.

An koma makaranta, maƙwabta sun dawo, matakala ta sake cika da silifas, sannan aka sallami matarsa. Ta rame har zobenta na yawo a yatsa. Da ta shigo falo ta buɗe hannaye, Tsigi ta ɓuya a bayan ƙafar ubanta tana leƙe. Sai da aka yi shayi aka sha, sannan ta matso da kaɗan-kaɗan, ta taɓa gwiwar uwar da yatsa ɗaya, ta haye cinyarta ta yi lamo.

Uwar ta cika alkawari bayan 'yan kwanaki. Ta gaya mata cewa wata kaka ce a tagar, wadda ba ta da mai zuwa dubiya, kuma ta ji daɗi ƙwarai. Tsigi ta yi tunani, ta tambaya ko kakar tana da waya. Aka ce babu. Ta ce, “Ayya,” ta sauka ta tafi neman 'yar maƙwabta.

Shi ne maganar ba ta sake shi ba. Da safe yana ɗaura igiyar takalminsa zai tafi shago, ya ɗago kai.

“Wai ya kamannin tsohuwar nan suke, in an cire abin rufe fuskar?”

Matarsa ta dube shi daga kan gado. “Ni ban taɓa ganinta ba. Tarinta kawai nake ji daga ƙarshen baranda. Ku ne kuka gan ta.”

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ta ko tana son wani abu daga kasuwa, ta ce lemo in ya samu mai zaƙi. Ya ja ƙofa a hankali ya sauka.