Ranar da Maɓalli Ya Suma

Koci ya sauko daga bene da gudu, rungume da tawul, ɗan kwikwiyo a cikin tawul ɗin kamar jiƙaƙƙen tsumma. Rabonsa da irin wannan gudun tun kafin ya yi ritaya daga koyar da motsa jiki, kuma gwiwoyinsa ba su ɓoye masa ra'ayinsu ba.

"Tasi! Asibitin dabbobi!"

Direban ya leƙo ta madubi. "Baba, wannan ɓera ne ko kare?"

"Tuƙi na ce ka yi, ba bincike ba."

Kwikwiyon na jikarsa ne, yarinyar da duk gidan ke kira Shugaba, don tun tana rarrafe ba a taɓa jin ta roƙi abu ba, umarni take bayarwa. Da makarantarsu za ta tafi da su yawon buɗe ido, sai ta tsallake uwarta, ta tsallake kakarta, ta ɗora kwikwiyon, mai suna Maɓalli, a tafin hannun Koci a gaban kowa, ta ce, "Tsoho, ga amana. Yadda na ba ka shi, haka zan karɓa." Tun da ya ajiye aiki babu wanda ya ba shi amanar abin da ya wuce sauya ƙwan lantarki.

Kallo ɗaya ya yi wa karen ya gano cutarsa: shagwaɓa. Maganinta kuwa yana hannunsa. Gudu kafin karin kumallo, abinci safe da yamma, babu ciye-ciye a tsakani. Da wannan tsarin ya raini 'ya'yansa, ga su nan kamar dawakai. Maɓalli ma ya karɓi horon, har wani ɗan tumbi ya ajiye, kuma babu maƙwabcin da bai sha labarin ba. Sai yau. Matarsa Hajiya ta yi sammakon zuwa cire haƙori, shi da ɗalibinsa suka fita zagayensu, suna dawowa bakin ƙofa kwikwiyon ya yi tangaɗi kamar mashayi, ya zube.

A asibitin wata mata mai kyanwa a kwando ta ce ai ita ta riga zuwa. Koci ya buɗe mata tawul ɗin. Ta matsa.

Likitar matashiya ce, sa'ar autarsa. Ta ɗaga leɓen kwikwiyon ta duba dasashinsa, ta ɗiga jininsa a wata 'yar na'ura, ta kara abin sauraro a ƙirjinsa.

"Ya taɓa yin haka?"

"Bai taɓa ba."

"Ya tsinci wani abu a hanya? Maganin ɓera, cingam, ko ƙwayar maganinka da ta faɗi?"

"Likita, ni ba na shan magani."

"Madalla. Ka ga, Baba, suman ƙaramin kare ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani da matsalar zuciya ake haifarsa, wani farfaɗiya ce. Akwai wanda tsutsar ciki ke shanye wa jini, akwai na zafin rana."

Duk wadda ta ambata sai Koci ya ji ta sauka a kafaɗarsa. Ya hango Shugaba ta sauko daga motar makaranta tana miƙo hannu biyu, shi kuma yana miƙa mata igiyar wuya babu kare a ciki.

Na'urar ta yi ƙara. Likita ta duba, ta lakato ruwan sukari ta goga wa kwikwiyon a dasashi. Jim kaɗan kunne ɗaya ya motsa. Ido ya buɗe. Maɓalli ya lashe yatsarta, sannan, don nuna godiya, ya kai wa igiyar abin sauraronta cizo.

"Sukarin jininsa ne ya faɗi," in ji ta. "Zan duba sauran don hankali ya kwanta. Yaushe ya ci abinci?"

"Jiya da yamma."

"Daga nan fa?"

"Daga nan muka yi gudu." Ya gyara tsayuwa ya zayyana mata tsarin daga farko har ƙarshe, bai manta da 'ya'yansa masu kama da dawakai ba.

Likita ta cire tabarau. "Baba, cikin nan nasa bai kai kofin shayi ba, ba shi da inda zai yi ajiya. Irin su kaɗan-kaɗan ake ba su, akai-akai. Ni ba suman ne ya ba ni mamaki ba, tumbin ne. Akwai mai ba shi abinci."

"Babu mai karya doka a gidana."

Ƙofa ta buɗe. Hajiya ce, kunci ɗaya a kumbure da auduga. Maƙwabta sun tare ta da labari tun kafin ta kai bene. Ba ta kalli mijinta ba. Ta zuge jakarta ta zaro ƙullin abincin kare.

"Sauri na yi," ta ce da rabin baki. "Na manta na asuba."

"Na asuba?"

"Da na hantsi, da na azahar. A bayan injin wanki muke yi."

Koci ya nemi kujera. Ya daɗe yana kallon ƙullin kafin wani tunani ya zo masa, irin wanda gara a ce bai zo ba. "Hajiya... yaran fa?"

"Su a ƙarƙashin gado. Haba Malam, wane yaro ne zai yi gudu da cikin wofi ya zama doki?"

Likita ta juya tana gyara kwalaben da babu abin da ya same su.

Wayar Hajiya ta yi ƙara, fuskar Shugaba ta cika gilashin. Hajiya ta yi wa mijinta alama da ido cewa ya yi shiru. Amma shi aka ba amana. Ya karɓi wayar, ya yi gyaran murya.

"Shugaba, Maɓalli ya suma. Ya farfaɗo, ga shi nan yana cizon likita. Yunwa ce."

"Kaka!" yarinyar ta yi ihu, tana leƙen bayansa. "Ba na ce miki kada ki bari Tsoho ya fita da shi bai ci ba?"

"Tsaya," in ji Koci. "Ita kika faɗa wa? To ni amanar me kika ba ni?"

"Ta yawo mana. Kaka ta ce in ba a sama maka aiki ba, kujerun falo za ka sa su yi gudu. Nuna mini shi!"

Ya juya wayar. Maɓalli ya kaɗa wutsiya, Shugaba ta ce to shi ke nan, a ci gaba, kamar mai sabunta wa ma'aikaci kwantiragi.

Koci ya mayar wa Hajiya wayarta, ya karɓi ƙullin daga hannunta. Ya durƙusa a gaban teburin, gwiwoyinsa na ƙara, ya zuba 'yan ƙwayoyi a tafinsa. Kwikwiyon ya afka musu har yana sarƙewa.

"A hankali, ɗan nan," in ji Koci. "Ba gasa ake yi ba."