Furar Goggo Tani

Wata huɗu bayan an yanke wa Falalu rabin tumbi a Kano saboda gyambon ciki, ya koma tashar Rogo neman aikinsa na direba. Da can ƙato ne, sitiyari har gogar cikinsa yake. Yanzu riga lilo take a jikinsa. Likita ya ja masa kunne: tumbin ba ya riƙe abinci kamar da. Ya ci kaɗan-kaɗan, ya guji abin sha mai zaƙi, don nan take zai zarce hanji ya kayar da shi.

Alhaji Maikuɗi, mai bas ɗin da yake ja, ya dube shi sama da ƙasa. "Yau ni zan zauna gaba har Karaye. In na ga da sauran jinya, sai dai haƙuri."

Da suka biya Jajaye ɗaukar fasinja, sai ga Goggo Tani, ƙanwar baban Falalu, da ƙwaryar fura a hannu.

"Wayyo Falalu, haka suka mai da kai? Ungo, na zuba sukari sosai don jini ya dawo."

"Goggo, wallahi a ƙoshe nake."

"Furar ce ba ka so, ko ni?"

Wa zai mayar da ƙwaryar goggonsa a bainar jama'a, ya kuma nuna wa maigida ko fura ta fi ƙarfinsa? Ya kafa kai ya shanye tas.

Ba a yi minti ashirin ba gumi ya keto masa. Zuciya na dukan uku-uku. Tsoro ya kama shi sosai. Ga mutum goma sha takwas a bayansa, har da wata mata tana yi wa jaririnta wasa. Karaye kuwa saura ƙiris.

"Lafiya dai?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Gaba gangare ne da siririyar gada, ga motar gyaɗa tana tahowa. Shi kuwa komai biyu-biyu yake gani. Ya cije leɓe, ya ƙara daurewa, sannan ya taka birki ya ratse gefe. Yana buɗe ƙofa ya zube ƙasa.

Da ya dawo hayyacinsa, Alhaji na zaune a kujerar direba. Falalu ya zagaya ta ƙofar fasinja. Shekara goma sha ɗaya yana jan motar nan bai taɓa shiga ta nan ba. Mai jaririn ta matsa masa wuri.